Tazarar Yatsa Ɗaya a Sunan Janar Deluzet

Combrelle, ranar Waliyyi Martin,
shekara hamsin da huɗu da sauke babbar ƙararrawar cocinmu.

Zuwa ga 'yata Gilberte, ɗiyar yayana Sulpice, a Nouvelle-Orléans, can ƙetaren teku.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Irénée da yaran duka. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar nan taku da muke jin labarinsa, ya sa albarka a gidan burodinku, ya raya muku zuriya. Allah kuma ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta, ko da yake a baƙuwar ƙasa aka rufe shi. Kada kwanan watan da ke sama ya ba ki mamaki. Ursule, matar marigayi Vialatte, wadda ke riƙe mini alƙalami, ta so ta rubuta shekara da lamba yadda mutanen kirki ke yi. Na ce mata a idona aka canza mana lissafin shekara, har watanni aka sake wa suna, sannan aka wayi gari aka ce a koma na da. Saboda haka ni da ƙararrawa nake ƙirga, ita dai sau ɗaya aka sauke ta aka kai aka narka ta aka yi igwa.

Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dankali ya sake ruɓewa a ƙasa bana, amma bai kai na bara muni ba, alkama kuwa ta yi daidai gwargwado. Ɗana Hilaire yana nan yadda kika bar shi, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya dubi fuskar matarsa. Mariette ɗin ta sauka a watan Agusta, an sami mace, an sa mata sunan innarku marigayiya. Jar saniyar nan ta mutu. Gwiwata ta hagu tana sanar da ni ruwa kwana biyu kafin ya sauko, haƙorana saura huɗu, amma kaina garau yake. Ki riƙe wannan da kyau, don za ki ji waɗansu suna cewa ba haka ba.

To, ga abin da ya sa na zaunar da Ursule ta bar wankinta. Kin tuna Janar Deluzet, wanda ya ɗora ki a kafaɗa ran kasuwa kina 'yar shekara biyar kika ja masa gashin baki. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwarsa, sai yanzu majalisar gari ta tuna tana da janar. Za a kafa masa mutum-mutumi na tagulla a dandalin kasuwa cikin watan Mayu. Ban ƙi ba. An nuna mini zanen, sun ɗora shi kan doki mai ɗaga ƙafa sama, mutumin da duk rayuwarsa sirdi ke gasa masa cinya, ya fi son tafiya ƙasa yana zagin mutane. Ban ce uffan ba. Sun mayar masa da yatsu ukun da ya baro a Jamus, nan ma na yi shiru. Na ce a raina tagulla tasu ce, su yi abin da suka ga dama da ita.

Ran Litinin na bi ta wurin aikin Barto Chassaing, mai sassaƙar dutse, in ga dutsen da za a ɗora dokin a kai. Yana kwance a fili fuskarsa sama, Barto ya zana rubutun da gawayi kafin ya sa guduma. Kin san ban taɓa zama a makaranta ba ko na yini ɗaya. Amma shekara goma sha tara na yi ina goge ɗan farantin da ke jikin akwatin Janar, kullum safe, da toka da yawu, har yatsana ya san sunan nan kamar yadda ƙafata ta san hanyar rijiya. Haruffa bakwai ne manne da juna kamar sojoji a sahu, na farkon babba mai tumbi kamar sajan. Abin da na gani a dutsen Barto ba shi ba ne. Sajan ya ƙanƙance, shi da na kusa da shi sun ware gefe guda, an bar fili, sannan na ukun ya miƙe ya zama babba. Na sa babban yatsana a filin, ya shige daidai. Na ce wa Barto gawayinsa ya zame. Ya yi dariya, ya tambaye ni tun yaushe na fara karatu, ko da tsufa ido ya buɗe. Sannan ya ce ba zamewa ba ce, haka aka aiko masa daga ofishin magajin gari, de Luzet, kalma biyu, shi kuma abin da aka ba shi yake sarawa ko da sunan shaiɗan ne.

Ke da kika daɗe cikin mutanen da kowa ke kiran kansa abin da ya ga dama, wataƙila kin manta nauyin ɗan filin nan. A nan in ɗan de ɗin nan ya tsaya shi kaɗai gaban suna, cewa yake mai sunan jinin sarauta ne, kakanninsa na da gida kan tudu da talakawa a ƙarƙashi. Amable Deluzet kuwa ɗan tsoho Deluzet ne mai sassaƙa takalman katako a bayan coci, wanda ya yi wa mahaifinki takalminsa na farko, ya yi mini nawa. Luzet ɗin da wai su ne iyayen gidansa, ko gonar kabeji ɗaya babu mai wannan suna a duk lardin nan. Na tambayi mai kai wasiƙu.

Ban koma gida ba, na zarce ofishin magajin gari. Na kira shi ɗan ƙasa Tixier, yadda muke kiran kowa a zamaninmu, don na san ba abin da ya tsana kamar wannan, na tambaye shi wa ya raba sunan Janar biyu. Ya ce in cire hula tukuna. Sannan ya nuna mini wani dogon mutum a bakin taga, da safar hannu ruwan ɗorawa, ya ce jikan Janar ne, Anatole, daga Paris ya zo, kuma shi ya ɗauki nauyin tagullar. Anatole ɗin ya gaishe ni da ladabi, ban ce bai yi ba. Ya buɗe jaka ya fito da wata tsohuwar takarda da ya sa a gilashi, ya ce a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ya samo ta, mai hatimin gwamnati, kuma a jikinta an rubuta sunan kakansa yadda ya kamata. Na ce ya karanta mini kwanan watan. Ya karanta, tara ga watan Ƙanƙara, shekara ta biyu, a sabon lissafin nan da aka taɓa ƙaƙaba mana. Nan take na gane ta, Gilberte. Takardar kama kakansa ce. Ita ya kakkaɓe ya sa a gilashi yana yawo da ita.

Bari in ba ki labarin daga tushe, don mahaifinki ba mai magana ba ne, na tabbata in ma ya ba ki to rabi ya ba ki. Shekara ɗaya kafin ƙararrawa aka buga ganga a dandali aka ce ƙasa na cikin haɗari, sarakunan maƙwabta sun taso mana. Mu sittin da uku muka ba da suna daga Combrelle da ƙauyukan kewaye, ina ɗan shekara goma sha takwas, mahaifinki na da ashirin da ɗaya. A lokacin 'yan sa-kai su ke zaɓen hafsoshinsu da kansu. Da yake yawancinmu ba mu san rubutu ba sai aka kawo wake, fari na Amable, baƙi na abokin takararsa, wani ɗan lauya, kowa ya jefa nasa a hular mai ganga. Fari arba'in da ɗaya aka ƙirga. Ba don ya san yaƙi muka zaɓe shi kyaftin ba. Shekara shida ya yi a sojan sarki bai wuce kofur ba. Mun zaɓe shi ne don muryarsa na kaiwa ƙetaren kogi, kuma ya san ciwon ƙafa. Da aka gama aka haɗa waken duka, fari da baƙi, aka dafa muka cinye.

Daga nan abin ya yi ta gudu. Manyan hafsoshi masu de a gaban sunansu suna ta tsallaka iyaka zuwa wurin abokan gaba, kullum gari ya waye a tarar da tanti ba kowa, sai a duba wanda ke tsaye a ɗora masa. A arewa, cikin taɓon da ke cire wa mutum takalmi, ya riƙe wata gada da mu yini guda da igwa biyu, ɗayar ma ba ta tashi, sai aka ba shi kanar. Kafin shekara ta zagayo ya zama janar, yana da shekara talatin, bai iya hawan doki ba, takobinsa kuma na aro ne.

Sai umarni ya zo a tsince duk mai jinin sarauta daga cikin soja. Aka turo mana wakilin majalisar ƙasa daga Paris, wani siriri mai tari, da ɗamara mai launi uku da akwatin takardu, mutumin da in ya sa hannu da safe kafin yamma an gama da kai. Cikin takardunsa akwai wadda wani magatakardan rundunarmu ya rubuta. Alƙalaminsa ne ya ƙafe bayan harafi biyu, ya ɗaga ya tsoma a tawada, ya dawo ya ci gaba ɗan nesa kaɗan. Wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya ga fili, sai ya yi gwaninta, ya ƙanƙantar da na farko ya girmama na uku. Magatakardan da bakinsa ya faɗa mana daga baya yana kuka. Shi ke nan fa, tsoma alƙalami ɗaya. Aka kama Janar a gaban rundunarsa, aka kwance masa takobi, aka kulle shi a ɗakin ajiyar wani coci. Laifinsa wai ɓoyayyen ɗan sarauta ne da ya manne sunansa don ya yaudari jama'a. A wannan hunturu, keken da ke ɗaukar mai irin wannan laifi zuwa Paris ba ya dawowa da shi. Janar biyu muka gani sun tafi haka.

Mu 'yan Combrelle da muka rage, mu ashirin da shida, muka je muka rantse mun san ubansa. Wakilin ya ce barori kullum rantse wa ubangidansu suke yi, a kawo masa takardar haihuwa. Ita kuwa babu ita. Shekara huɗu kafin nan, ran da muka ƙone takardun mai gidan tudu a dandali, littafin coci ya bi cikin wutar bisa kuskure. Ni kaina runguma biyu na ɗebo na zuba, ban san wanne ne wanne ba, kuma har yau ina zargin a cikin nawa yake.

Mahaifinki ne ya yi dabara. Da safiyar ranar da za a ɗora Janar a keke, ya ja ni bakin rafi muka yanko ɗanyen gungume, muka aro gatari da gizago da doguwar wuƙa da ƙarfen rarake wurin wani mai takalmi na ƙauyen, muka shiga muka jibge su gaban teburin wakilin. Sulpice, wanda a gida sai ya yini bai haɗa kalma goma ba, ya cire hula ya ce, "Ɗan ƙasa wakili, bar tambayar takarda, tambayi hannunsa. A ba shi icce." Wakilin ya yi tari, ya dubi agogo, ya ce a shigo da shi, ina jin don ya sami abin dariya ne.

Janar ya shigo, kwana shida bai yi aski ba. Ya dubi iccen, ya dube mu, sai ya fara da zaginmu, wai wane jaki ne ya yanko masa mai ƙulli. Sannan ya leƙa ƙafafun wakilin ta ƙarƙashin tebur. Bai auna ba, bai taɓa ba, ya ce masa ta hagu ta fi ta dama da rabin yatsa, kuma da gefen waje yake takawa saboda wani kumburi a gindin babban yatsa. Ya tuɓe riga ya tsaga gungumen biyu. Tun hantsi har rana ta karkata yana aiki, ɓarɓashin icce ya rufe takardun shari'a, ba wanda ya motsa. Tare ya sassaƙa takalman biyu, sara ɗaya nan sara ɗaya can, yadda 'yan gado ke yi don kada ɗaya ya fi ɗaya, alhali wanda ya koya da girma sai ya gama guda yake kama guda. Da ya ƙare ya hura cikinsu, ya cusa 'yar ciyawa, ya ajiye gaban mutumin. Wakilin ya cire takalmansa na fata ya sa. Ya taka zuwa ƙofa, ya dawo, ya sake komawa. Na ga fuskarsa ta saki, fuskar wanda ya shekara yana fama da ƙafa. Ya zauna ya jawo takarda ya rubuta da hannunsa, ya karanta mana da ƙarfi: "Deluzet, kalma ɗaya, ɗan mai takalmi. A mayar masa da takobinsa." Ya buga hatimi. Da takalman ya tafi, ko godiya bai yi ba. Janar ya ce ba ya son ya sake ganin takardar nan, ya miƙa wa mahaifinki ya ce ya riƙe, tun da shi ya nemo ta.

Bayan wannan mun bi shi duk inda aka tura shi. Mun tsallake kogin Rhin sau huɗu, mun hau duwatsun Italiya muna jan igwa da igiya. A Jamus harsashi ya tafi da yatsunsa uku, a nan kuma mahaifinki ya sami raunin da ya dawo da shi gida yana ɗingishi. Ba waliyyi ba ne, ni kuma ba zan mai da shi waliyyi ba. A Sifen ya tura mu cikin kogi yana ambaliya don ya ƙi jiran kwana ɗaya, mutum ɗari biyu ruwa ya ci. Na faɗa masa a fuskarsa, ya jefe ni da kwanon miya, daga baya ya kwana uku bai ci abinci ba. A dawowarmu daga Rasha ya ba da dokinsa aka yanka wa masu rauni, ko da yake ina jin murna ya yi da rabuwa da shi. Da aka dawo da rabon sarauta aka ba shi sarautar baron, ya karɓa, har da gashin jimina a hula, don yana son irin waɗannan abubuwa. Amma da mai zana tambari ya ba shi shawara a ɗan buɗa sunan, tun da yanzu ya halatta, ina tsaye na ji amsar. Ursule ta ƙi rubuta kalmar da ya faɗa. Ma'anar dai ita ce filin nan ya taɓa kusa raba kansa da wuyansa, ba zai sake ba shi masauki ba. Da sarakuna suka dawo aka sallame shi, ya komo Combrelle, kuma har ya mutu da haruffa bakwai a manne yake sa hannu.

Jiya Laraba majalisar gari ta zauna, na je na tsaya na faɗi duk wannan, tun daga wake har takalmi. Mai sayar da magani ya ce labari ne mai daɗi, ya kamata in riƙa ba yara da hunturu. Na ce su tashi mu je maƙabarta su ga yadda aka rubuta a kabarinsa. Sai Anatole ya miƙe ya yi bayani cikin sanyin murya, wai a wancan zamanin tsoro ne ya sa manyan gidaje suka manne sunayensu, kakansa ya saba da hakan har ya mutu, amma takardar gwamnati ta tona gaskiya. Kin ji fa. Kalma da kalma abin da siririn nan mai tari ya tuhume shi da shi. Wancan ya faɗa don ya sare masa kai, wannan yana faɗa don ya girmama shi, mutane kuma suna gyaɗa kai kamar shanu a rumfa. Na buga sanda a ƙasa, Hilaire yana ta jan rigata ta baya yana cewa Baba mu tafi. Daga ƙarshe Tixier ya yanke cewa takarda mai hatimi sai takarda mai hatimi ke ture ta, ba maganar tsohon da bai san harafi ba. Na sa ya maimaita a gaban kowa cewa in na kawo irin wannan takarda kafin a sara sunan, za a manne shi. Ya maimaita yana murmushi, sannan ya ƙara da cewa Barto zai fara sara ran Juma'a, kuma dutsen guda ɗaya ne, shanu goma sha biyu suka jawo shi, abin da aka sara ya saru. Na ce su jira in aika wurinku. Suka ce ba a jiran jirgin ruwa da aikin gari.

Da safen nan Anatole ya zo har gida. Ya zauna kan benci ya kira ni Baba, ya ci burodinmu da cuku bai yatsina fuska ba. Ya ce ni zan zauna a kujerar gaba ranar buki, ni zan ja mayafin a buɗe mutum-mutumin. Sannan ya cire safar hannu ya yi mini maganar gaskiya. Ya ce a Paris akwai ƙofofin da ba sa buɗe wa jikan mai takalmi komai yawan yaƙin da kakansa ya ci, ya gaji da tsayuwa a bakinsu, kuma ba ya so 'ya'yansa su tsaya. Ya tambaye ni wa ya cutu da tazarar yatsa ɗaya. Na ce masa, "Tsoho Deluzet na bayan coci ya cutu, don ka raba shi da ɗansa. In filin nan gaskiya ne, mu ashirin da shida ƙarya muka rantse a kai, Sulpice kuma mayaudari ne. Duk sun mutu, saura ni." Ya ce ya ji, amma takarda takarda ce. Abin da ya fi ba ni haushi, Gilberte, tun da ya shigo ƙafafuna yake kallo, har ya ce mini takalmina na dama ya fi cinyewa ta gefe, in sa a duba. Bai ma san inda ya gado idon ba.

To ga roƙona. Lokacin da mahaifinki ya bi ku, ya tafi da gwangwaninsa na taba, mai hoton jirgin ruwa a murfi, wanda bai taɓa yarda wani ya buɗe ba. Takardar na ciki, a ninke gida huɗu, a naɗe cikin guntun shuɗin ƙyalle na rigar soja, hatiminta ja ne, gefensa ya ɗan ɓantare. Ki nemo ta ranar da wasiƙar nan ta iso, kada ki ce sai an gama gashin burodi. Ki sa wani mai hatimi a can ya kwafa ki ajiye, ki kuma tsaya a kansa kada alƙalaminsa ya ƙafe. Ita kanta ki naɗe ta da ƙyalle mai kakin zuma ki sa ta a jirgin farko da zai taso, kada ki tsaya neman wanda zai kawo hannu da hannu. Ki aiko da sunan Ursule, ba na Hilaire ba, don Mariette 'yar ƙanwar matar Tixier ce, kuma takardu na da halin ɓacewa a gidan nan. In kuwa kun rufe shi da gwangwanin, ko kin zubar lokacin da kuka canza gida, ki gaya mini gaskiya cikin jirgin nan ɗin dai. Ba zan yi fushi da ke ba. Ursule ta ce ƙarya nake. To zan yi, amma zan huce.

Ki gaishe mini da Irénée, ki ce masa har yanzu ban yafe masa ɗauke ki da ya yi ba, amma ina yi masa addu'a. Ki gaishe da Cyprien da Noémie da ƙaramin mai sunan mahaifinki, ki ba su labarin takalmin nan yadda na ba ki, kada ki rage zagin. Hilaire da Mariette suna gaishe ki, ko da yake ba su san abin da na rubuta ba. Fada Roux, limamin cocinmu, yana sa muku albarka. Ursule tana gaishe ki, ta ce hannunta ya mutu, kuma ba da yawunta za a yi abin da zan faɗa yanzu ba.

An ce mini kwana arba'in jirgi ke yi zuwa wurinku, arba'in dawowa, in iska ta yi kyau. Na tambayi Barto ko ya taɓa sara dutse da mutum a kai, ya ce a'a, sai dai da mutum a ƙarƙashi. Na tambaye shi ko zai iya ɗaga tsohon soja ɗan shekara saba'in da uku a gaban jama'a ya jefar, ya ce uwarsa ba ta haife shi don wannan ba, kuma ba a ba shi umarnin haka a takarda ba. Ba ya aiki ran Lahadi, ba ya aiki bayan faɗuwar rana, saura ni in san yadda zan yi da sauran. Hilaire ya ce sanyi zai kashe ni kafin Kirsimeti. Wataƙila, amma na ga wanda ya fi na Combrelle. Gobe da sassafe, kafin Barto ya fito da gudumarsa, zan sa tsohuwar rigata ta soja, in ɗauki bargo biyu da burodi da sandata, in je in hau dutsen nan in zauna daidai kan filin. A nan wasiƙarki za ta same ni.

Ni ne baffanki,
Nazaire Pradel.
Ga alamar hannuna: +